Wasiƙar Akawu: Burtalin Ƙasar Wels

Zuwa ga Edita,

 Wani malamin makaranta ya rubuto yana yi mini ba'a, wai tun da na komo daga Birtaniya ba ni da zance sai na Landan da dogayen benayenta, ko ƙasar ba ta da ƙauye ne? Malam ya yi gaskiya, na kuwa karɓi laifina. Saboda haka yau zan bar birni in kai ku wani ɗan gari na makiyaya, inda na yi kwana huɗu a watan Satumba na 2024, sa'ad da aka ba mu hutu daga kos ɗin aikin ofis da aka tura mu. Na tafi shan iska da kallon duwatsu ne kurum, amma na komo da wata magana wadda ta hana ni sakat, ina so in ajiye ta gaban malamai da akawuna.

Ƙasar Wels tana yamma da Ingila, a tsibiri guda suke, sarkinsu ɗaya, amma kada mutum ya kuskura ya ce wa mutumin Wels Ingilishi. Suna da harshensu dabam wanda bai yi kama da Turancin da muka koya ba ko kaɗan. A ƙidayar 2021 mutanen ƙasar miliyan 3 ne da 'yan kai, masu jin harshen kuwa wajen 538,000. Tumakinsu sun ninka su yawa kusan sau uku. Garin da na sauka sunansa Llandovery, a lardin Carmarthenshire, kusa da kogin Tywi, mutanensa ba su wuce kamar 2,000 ba. Masu garin suna ce masa Llanymddyfri, watau majami'a a tsakiyar ruwaye, gama ƙoramu sun kewaye shi. Wannan "Ll" ta farkon suna ta ba ni wahala ƙwarai. Sai mutum ya kafa harshensa a dasashi ya hura iska ta gefen baki, kamar dinya ta fusata. Na gwada a tasha, mai duba tikiti ya yi murmushi ya ce in sake.

Daga Swansea na shiga jirgin ƙasa, wani ɗan guntun jirgi, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. A waɗansu ƙananan tashoshin hanyar jirgi ba ya tsayawa sai mai jira ya ɗaga masa hannu, tamkar motar kasuwa.

Abin da baƙo ke fara gani shi ne kangon gidan yaƙi bisa wani tudu a tsakiyar gari, wanda Normawa suka fara ginawa a farkon ƙarni na 12. Kusa da shi akwai mutum-mutumi na farin ƙarfe, dogo, da mashi da garkuwa da kwalkwali, amma babu fuska a ciki. An kafa shi a 2001 domin tunawa da Llywelyn ap Gruffydd Fychan, wani mai arziki na wannan yanki. A 1401 Sarkin Ingila Henry na IV ya tilasta shi ya yi masa jagora zuwa maɓoyar Owain Glyndŵr, wanda ya yi wa Ingila tawaye. Dattijon ya yi ta yawo da rundunar cikin duwatsu da gangan, har sarki ya gane, ya sa aka kashe shi a bainar jama'a a nan garin. Na duba, na yi masa jinjina, na wuce, domin hankalina yana wajen kukan tumaki da nake ji.

Na taki sa'a ranar kasuwar dabbobi ce. Ba irin cinikinmu suke yi ba, na dillali ya kama hannunka a ƙarƙashin riga ana "albarka" ana "sallama". Gwanjo ne. An tsare tumaki garke garke cikin shingayen ƙarfe, mai gwanjo ya hau bisa katako yana zuba magana kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, manoma kuwa sun jingina sun yi shiru, wannan ya ɗaga gira, wancan ya motsa ɗan yatsa, kafin in gane wanda ya taya har an sayar an wuce gaba. Na tura hannuwana cikin aljihu don tsoron kada in sosa kai in wayi gari da tumaki arba'in. Kowace tunkiya da lambarta a kunne, kuma ba a kai dabba daga gona zuwa kasuwa, ko daga kasuwa zuwa wata gona, sai an rubuta an sanar da hukuma. Ni da aikina ke nan, rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, sai na ji kamar na gamu da 'yan'uwa.

To, ga asalin arzikin garin. Kafin zuwan jirgin ƙasa, shanun Wels da ƙafa suke zuwa kasuwannin Ingila, kamar yadda kakanninmu suka riƙa kora shanu daga Kano zuwa Ikko. Llandovery kuwa babban zango ne inda hanyoyin fataken shanu suke haɗuwa. Har yanzu akwai gunkin irin wannan bafatake a tsaye cikin gari da sandarsa. Kafin a tashi sai maƙera su kayar da kowane sa su buga masa takalman ƙarfe, biyu biyu a kowace ƙafa saboda kofatonsa a rabe yake, watau takwas ke nan ga sa ɗaya. Dinyoyi ma da ƙafa ake kora su, a bi da su cikin kwalta mai laushi sa'an nan cikin rairayi, ya zame musu takalmi. Ayari yakan yi kamar mako uku kafin ya isa Landan. Inda suka yada zango, mai gona yakan karɓi sisin kwabo a kan kowane sa domin ciyawar dare. In ayari ya doso, masu kore suna tafe suna kururuwa tun daga nesa, don manoma su killace nasu shanun kada su bi garke su tafi Ingila ba sallama. Sun fi son bin kan duwatsu, domin a manyan hanyoyi akwai ƙofofin karɓar kuɗi, waɗanda suka ishi talakawan lardin har tsakanin 1839 da 1843 maza suka riƙa sa tufafin mata da dare suna farfasa su.

Ba kowa ake bari ya zama madugu ba. Tun ƙarni na 16 doka ta ce sai mai lasin, ba a kuwa ba da lasin sai ga wanda ya kai shekara 30, mai aure, mai gidan kansa. Na lissafa, na ga biyu na farko na cika su, na ukun ne ya kayar da ni, gama har yau haya nake biya. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Manomi yakan danƙa wa madugu shanunsa ba tare da ya karɓi ko anini ba, ya zauna jiran kuɗi har ya komo. Masu gari kuma sukan ba shi saƙon kuɗin haya da na bashi ya kai Landan. Ga 'yan fashi a hanya. Saboda haka a 1799 wani mutumin wannan sana'a, David Jones, ya buɗe banki a Llandovery, ana ce masa Bankin Baƙin Sa, don hoton baƙin sa ne a jikin takardun kuɗinsa. Bankin ya rayu shekara 110, har bankin Lloyds ya saye shi a 1909. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1858, daga nan kore ya yi ta ja da baya har ya mutu.

Fatake sun ƙare, amma hanyoyinsu da yawa suna nan, su da hanyoyin da talakawa ke bi zuwa majami'a da kasuwa da maniƙa. Su ne baƙi ke zuwa takawa yau don motsa jini. A nan ne abin mamakin yake. Hanyar takan ratsa tsakiyar gonar mutum, wani lokaci ta bi ta bakin rumbunsa, kuma ba shi da ikon hana kowa wucewa, ko ɗan gari ko baƙo irina. A 1949 majalisar Birtaniya ta yi doka ta umarci kowace hukumar lardi ta bi waɗannan hanyoyi ɗaya ɗaya ta zana su cikin taswira, wadda ita ce hujja gaban alƙali. A Wels kaɗai tsawonsu ya kai wajen kilomita 33,000. Inda aka sa kibiya rawaya, ta masu ƙafa ce. Inda aka sa shuɗiya, doki da keke ma suna bi. In manomi ya nome hanyar da ta ratsa gonarsa, an ba shi kwana 14 ya mayar da ita yadda za a iya bi. Har bijimin irin shanun madara, da yake sun fi faɗa, an hana a sake shi a filin da hanya ta ratsa. A 2000 aka ƙara wata doka, wadda ta fara aiki a Wels a 2005, ta buɗe duwatsu da dajin kiwo ga mai tafiya da ƙafa ko da babu hanya.

Rana ta biyu na sayi taswira, na ari takalman tafiya da rigar ruwa wurin mai masaukina, na nufi ƙauyen Myddfai, kamar mil uku kudu da gari. Ƙasar kore shar, tudu bayan tudu, kowace gona da shingenta na itatuwa masu rai. Inda hanya ta ci karo da shinge akwai 'yar matakala ta katako, mutum ya haura, tunkiya ba ta iyawa. Na tsallake gona wajen shida ina waige-waige, zuciyata na ɗar-ɗar, domin a tarbiyyarmu wanda aka gani tsakiyar gonar wani ba da sallama ba sai ya yi bayani. Babu wanda ya ce mini kanzil. Wani mai tarakta ma hannu ya ɗaga mini.

Can na iske wani ƙyauren ƙarfe a buɗe tsakanin fili biyu, tumaki na kiwo a na sama. Na ce a raina, lalle wani sakaran baƙo ne ya wuce ya bar shi haka. Na ja shi na rufe, na sa sakata, har na ƙara ɗaure shi da igiyar da na gani a rataye, na tafi ina jin daɗin kaina, ga ɗan Nijeriya ya koya wa Turawa ladabi. Na isa Myddfai, na sha shayi, na huta. Da la'asar na biyo sawuna, sai na tarar da tumakin nan sun taru cunkus a bakin ƙyauren suna kuka, ga wata dattijuwa ta sauko daga babur mai ƙafa huɗu, da karenta, tana fama da ƙullin da na yi. Na gaishe ta, na ce, "Iya, ni na rufe miki shi, na iske wani ya bar shi a buɗe."

Ta dube ni tun daga takalman aro har hula, ta ce, "Ni ce wanin. Ruwan shansu yana filin ƙasa, ɗan nan. Tun yaushe ka rufe?"

Na ce tun hantsi. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Allah ya taimake ni ranar akwai sanyi da yayyafi, ba abin da ya sami ko ɗaya. Ta ce da a tsakiyar zafin Yuli ne, masu shayarwa da sun wahala. Sa'an nan ta gaya mini ka'idar, wadda ashe tana rubuce cikin 'yar takardar da aka ba ni tare da taswira, ban karanta ba: ƙyaure, yadda ka same shi haka za ka bar shi. In a rufe, ka rufe bayanka. In a buɗe, mai shi ya san dalili. Akawu guda, mai cin abinci da karatu, takarda na aljihunsa bai duba ba! Na kwance ƙullin da haƙorana, tumaki suka kwarara zuwa rafi, ita kuwa ta yi ta kirana "bach", wanda a harshensu ƙarami ke nan, kalmar lallashi ce da suke faɗa wa yaro da babba.

Da na ga ta huce, na tambaye ta ko ba ta jin haushin baƙi suna ratsa mata gona. Ta ce haushi kam akwai. Babbar masifarsu karnukan baƙi, waɗanda akan saki su bi tumaki masu ciki har su yi ɓari, ko su yayyage su. Doka ta yarda manomi ya harbe karen da ya kama yana wannan ɓarna in babu wata dabara, amma ta ce wa ke son ya harbe karen wani a gaban 'ya'yansa? Duk da haka ba ta so a rufe hanyoyin, don ta ga ranar da aka rufe su. A 2001 ciwon baki da kofato ya faɗa wa dabbobin Birtaniya, aka hallaka fiye da miliyan 6, aka kuma hana kowa taka hanyoyin gonaki wata da watanni. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Masu masauki da masu shayi da masu kantuna suka zauna ba ciniki, da yawansu kuwa matan manoma ne da 'ya'yansu. Ta ce a shekarar ne kowa ya gane kuɗin tunkiya da kuɗin baƙo aljihu ɗaya suke shiga.

Rana ta uku mai masaukina ya kai ni da mota gindin Baƙin Dutse, a yammacin gandun da aka keɓe tun 1957, wanda Turawa suka sani da Brecon Beacons, amma tun 2023 hukumarsa ta koma kiransa da sunan harshen ƙasa, Bannau Brycheiniog. Daga inda mota ta tsaya na bi gefen wani rafi ina hawa, har na isa tafkin Llyn y Fan Fach. Ruwa baƙi wuluk, shiru kamar maƙabarta, ga gangaren jan dutse ya kewaye shi ya tsaya a kansa. Suna da tatsuniya a kan tafkin. Wai wata 'yar ruwa ta fito ta auri wani saurayi makiyayi, ta zo masa da garken shanu, bisa sharaɗin ranar da ya buge ta sau uku ba dalili aure ya mutu. Ya kiyaye, ya kiyaye, har ya cika ukun, ta kira shanunta kowace da sunanta suka bi ta cikin ruwa. 'Ya'yanta, in ji su, su ne suka zama shahararrun masu magani na Myddfai. Masu maganin kam an yi su da gaske a ƙarni na 13, rubutun magungunansu yana nan cikin wani tsohon kundi da ke ajiye a Oxford. 'Yar ruwan kuwa na bar wa masu ita.

Na hau har ƙwanƙolin da ake kira Picws Du, mita 749. A wurinsu wannan babban dutse ne. Ban raina shi ba, gama ina kai sai hazo ya sauko farat ɗaya, har ban iya ganin abin da ke taki goma gabana ba, ga rami a hannun hagu. Na zauna a kan dutse na jira ya yaye, haƙorana na kaɗawa. Duk wanda zai je, kada hasken safiya ya ruɗe shi ya bar rigar ruwa da taswira.

A can sama babu shinge ko ɗaya, amma ga tumakin gidaje dabam dabam suna kiwo, kowane garke da launin fentinsa a gadon baya, ba makiyayi. Kowace tunkiya ta san yankin dutsen da garkensu yake ci, uwa ke koya wa ɗiya, shekara da shekaru, ba sa ƙetarewa. Suna kiran wannan "cynefin". Dajin na tarayya ne, amma ba na kowa da kowa ba. A 1965 aka yi doka aka buɗe rajista, aka rubuta kowace gona da ke da hakkin kiwo a irin wannan daji da yawan dabbobin da za ta saka. Sa'ad da nake saukowa na ga waɗansu Turawa sun kafa madubin hangen nesa suna ta murna. Na ɗaga kai, me zan gani? Shirwa! Ja ce, mai wutsiya a rabe, amma shirwa dai, 'yar'uwar wadda matanmu ke yi wa ihu saboda 'yan tsaki. An karkashe irinta a Birtaniya har a farkon ƙarni na 20 saura 'yan ƙalilan, duka a kwarurukan tsakiyar Wels, aka riƙa gadin sheƙunansu. Yanzu sun koma dubbai. Na riƙe dariyata don ladabi.

Kada masu karatu su zaci ƙasar ba ta san zalunci ba. Gabas da Llandovery akwai dutsen Epynt, wanda babbar hanyar fatake ta bi ta kansa. A 1940, cikin yaƙin Hitila, Ma'aikatar Yaƙi ta tashi mutum 219 daga gidaje 54 a wurin, masu jin harshen Wels, don soja su koyi harbin igwa. Da yawansu sun ɗauka in yaƙi ya ƙare za su koma. Har yau wurin yana hannun soja. Ashe takarda tana tsare talaka daga maƙwabcinsa, amma in mai takardar ne da kansa ya so gonar, sai wani ikon Allah.

Yanzu ga maganar da na ce ta hana ni sakat. A cikin 1965 ɗin nan da suka buɗe rajistar dajin kiwonsu, a cikinta Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar keɓe wuraren kiwo. Mu ma muna da burtali, tun kaka da kakanni, kowane dattijon ƙauye ya san inda ya bi. Na sani ba daidai muke da su ba. Can manomi shi ne makiyayi, ruwan sama ba ya yanke musu, kuma mai ratsa gonarsu yau ɗan yawo ne da sanda, ba garken shanu ɗari ba. Amma na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin ofis, fayil iri iri ya bi ta hannuna, ban taɓa ganin taswirar da aka zana burtalin gundumarmu a ciki ba, wadda manomi ko Bafillace zai iya zuwa ya ce a buɗe masa ya duba. Wanda muke bi muna yara zuwa rafi, faɗinsa ya isa shanu goma su jera, bara na je na tarar da dawa a kansa, saura abin da jaki zai bi da ƙyar. Wanda ya shuka bai ce ya yi laifi ba, wanda zai koro shanu ta nan ma ba zai ce ya yi ba, kowa kuwa ya san abin da ke biyo bayan wannan.

Saboda haka ina roƙon akawunan ƙananan hukumomi, da malaman gona, da malaman dabbobi, da masu unguwanni da ke karanta wannan shafi: duk wanda ya san an zana burtalin ƙasarsu a takarda, ya rubuto wa Edita ya faɗi shekarar da aka zana, da ofishin da takardar take, da ko talaka yana iya ganinta. Wanda ya nema bai samu ba, shi ma ya rubuto ya faɗi haka. In amsoshi sun taru zan jera su lardi lardi a wannan fili, in Edita ya yarda.

Malamin da ya yi mini ba'a kuma, ina jiran tasa amsar kafin ta kowa.

Ni ne naka,
Akawu Matafiyi